Unguwa ta cika, shara ta fi ƙarfinmu: mota za mu saya ko mazubai?

Sakataren_Kwamiti

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana ne a madadin kwamitin ci gaban wata sabuwar unguwa da ke yankin Kumbotso a Kano. Wurin da a da gonaki ne yanzu gidaje sun kai kusan 1,200, kuma ba a daina gini ba. Titi ɗaya ne mai kwalta, sauran duk lunguna ne da babbar mota ba ta iya shiga. Fulotan da ba a gina ba su ne bolarmu, kuma duk ranar da mai fili ya kawo bulo, sai sharar ta koma kwata. Ranar Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata matasa na yashe magudanan ruwa su tara a bakin titi, kafin a samu motar kwashewa ruwan sama ya mayar da komai inda aka fito da shi.

Ra'ayi ya rabu uku. Wasu na cewa a ƙera manyan mazuban ƙarfe a ajiye a kwanonin layuka. Wasu na cewa a yi karo-karo a sayi motar matse shara ta hannu. Wasu kuma na cewa akwai kududdufi a bayan unguwa, a riƙa zubawa a can har ya cike a samu fili. Wanne ya fi, kuma yaya ake lissafin abin da kowane gida zai biya? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan_Sufuri

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku sayi komai tukuna, ku fara auna sharar.

Ku zaɓi gidaje 30, a haɗa da manya da ƙanana da gidajen haya da masu kiwo. A ba kowane gida buhu, a rubuta yawan mutanen da ke kwana a ciki, a riƙa karɓa ana ɗorawa a sikeli kullum har kwana 8. Awon ranar farko a watsar da shi, domin a ranar ce mutane ke fito da tarkacen da ya daɗe a bayan ɗaki. Sannan ku cika duro mai cin lita 200 da sharar ba tare da dannawa ba, ku auna. Duro biyar shi ne kubik mita ɗaya. Da wannan kun san nauyi, kun san cika, kuma da su biyun ake zaɓen mota.

Kafin ku yi awon, ga ƙiyasin da za ku riƙe. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da kilo 0.46 a rana, to mu ce rabin kilo. Idan muka ɗauki mutum 8 a gida, gida 1,200 mutum 9,600 ke nan, shara kilo 4,800 a rana. Masu kwashewa za su huta rana ɗaya a mako amma shara ba ta hutu, don haka a ranar aiki abin ɗauka ya zama kilo 5,600. Idan kubik mita ɗaya ya ba ku kilo 350, kuna da kubik mita 16 a kowace ranar aiki. Tifa mai cin kubik mita 10 sawu biyu za ta yi.

Maganar motar matsewa kuwa, ku ajiye ta. An ƙera ta ne domin sharar Turai mai yawan kwali da takarda da robobi, wadda kubik mitarta ba ta cika wuce kilo 100 zuwa 150 ba, sai a matse ta ninki uku ko huɗu. Sharar Kano tun daga gida a matse take zuwa: ƙasar tsakar gida, toka, kashin awaki, ɓawon kayan miya. Idan aka danna wannan a motar, nauyi kan wuce abin da gatarin baya da sifirin za su ɗauka tun akwatin bai cika ba. Yashi yana cin farantin da ke turawa da hanyar da yake gudu a kai, yana shiga robobin da ke riƙe man haidirolik su fara yoyo, ruwan ruɓa kuma yana cin ƙasan akwatin. Kayan gyaranta sai an yo oda. Tifa kuwa kowane bakanike ya san ta, kayanta suna nan a kasuwa.

Tsarin da ya dace da lunguna hawa biyu ne. Kura ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya bi gida-gida, ya kai matattara ɗaya a bakin kwalta, babbar mota ta ɗauka daga nan. Kura ɗaya a kan turɓaya kada ta wuce kilo 200, sawu 28 ke nan a rana. Idan nisan bai wuce kilomita ɗaya ba mutum ɗaya zai yi sawu 6, don haka kura 5 da ta shida a ajiye domin ranar da taya ta fashe. A sa buhuna ko rabin duro guda shida a cikin kurar maimakon a zuba sharar tsurarta, domin a sauke ba tare da shebur ba.

Inda aka fi yin asara shi ne a matattarar. Idan kura ta juye a ƙasa, sai mutum huɗu ko biyar sun yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu da shebur da manjagara kafin tifa ta cika. Ƙara tafiyar kilomita 15 a cunkoson gari, minti 35 zuwa, minti 35 dawowa, da minti 20 na layi da juyewa. Sawu ɗaya ya ci awa uku zuwa uku da rabi, mota ta yi sawu biyu rana ta ƙare. Amma idan aka gina dandamali mai gangara, tsayinsa daidai bakin tifa ko bakin mazubi, kura ta hau ta juye kai tsaye, lokacin lodin ya ragu ƙwarai, motar da ke sawu biyu ta iya yin huɗu. Gangaren kada ya yi tsaye: kowace mita ɗaya ta hawa a ba ta aƙalla mita 10 na tsawo, in ba haka ba mai kura ba zai iya turawa ba. A yi daɓen siminti, a karkata shi zuwa wani ɗan rami da zai tara ruwan ruɓa, a kewaye da katanga da ƙofa.

Mazuban ƙarfe da 'yan kwamitinku ke so ba laifi ba ne, amma mazubi bai da amfani sai da motar da ke ɗaga shi da ranar zuwanta. Wanda ya cika ba a ɗauka ba, cikin kwana uku an fara zubawa a gefensa, wani ya cinna masa wuta, zafi ya lanƙwasa ƙarfen, tsatsa ta huda ƙasansa. Ku sami rubutacciyar yarjejeniya da mai ɗauka kafin ku kira mai walda.

Duba_Gari

Injiniya ya gama magana a kan mota. Abin da zan ƙara shi ne ranakun kwashewa, domin a nan lafiya take. A zafin Kano ƙuda yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10. Sharar da ta yi kwana huɗu a gida ta sake yin huɗu a matattara ta riga ta ƙyanƙyashe. Don haka kowane gida a zo masa aƙalla sau biyu a mako, matattara kuma a kwashe ta tas, a share daɓen, kada shara ta wuce kwana biyu a wurin. Masu abincin sayarwa da mahauta da masu kayan gwari kullum ne, babu fashi.

Sharar kwata kuma ita ce ta fi wahala, kuma an saba yin ta a juye. Ana fara yasa sannan a je neman mota. A fara tsayar da mota. Laka mai ruwa a bar ta ta tsane kwana ɗaya ko biyu a kan tamfol ko cikin buhunan siminti, nesa da bakin magudana, sannan a ɗauke. Babbar yasa a yi ta a watan Afrilu ko Mayu tun ruwa bai sauka ba, a fara daga inda magudanar ke zubewa a yi sama, domin idan aka buɗe sama ƙasa na toshe, ruwan gidajen mutane zai shiga. A watan Agusta gyara kawai ake yi.

Malam Sakatare, ku ƙidaya shagunan magani da ƙananan asibitoci da masu ungozoma da ke unguwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti kamar ta gida ce, kashi 15 ne mai haɗari, amma allura ɗaya a cikin buhu ta isa ta cutar da mai kura. Allurai da reza a akwatin kwali mai kauri da aka yi dominsu, a rufe idan ya kai kashi uku cikin huɗu, a kai asibitin da ke da wurin ƙonawa. Ba a haɗa su da sharar unguwa. Ma'aikata kuma a ba su takalmin roba mai tauri, safar hannu mai kauri, takunkumi, sabulu da ruwa a matattara, a yi musu rigakafin tetanus da na ciwon hanta nau'in B. Wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Ƙonawa a cikin unguwa ku hana ta gaba ɗaya. Wutar bola ba ta da zafin da zai cinye roba, hayaƙi kawai take yi, masu asma da jarirai su ke shan wahalarsa, musamman da hunturu da iska ke kwantar da shi a kan gidaje.

Uwar_Lambu

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, da izininka, ina ganin lissafinka na kilo 5,600 zai iya raguwa sosai, kuma ragewar ta fi sayen kura arha.

Idan sun yi awon nan na kwana 8, su baje buhunan a kan tamfol su rairaye da rariyar waya mai ido kamar santimita ɗaya. Za su ga yawan abin da ya faɗo ƙasa: turɓaya, toka, dagargajajjen kashin dabbobi. Biyan kuɗin man gas a kai ƙasa kilomita 15 asara ce tsantsa. Manoman kewayen Kano tun kaka da kakanni suna sayen takin birni, da a mangalar jaki, yanzu a tifa. Abin da ya ɓata cinikin shi ne leda da kwalba da batir, manomi ya biya kuɗi ya kwashe kwanaki yana tsince gonarsa, akuyarsa ta haɗiye leda ta rame ta mutu.

Kada ku ce wa matan gida su ajiye kwando huɗu masu launi-launi, ba zai ɗore ba. Kashi biyu ya isa: abin da ke ruɓewa tare da toka da share-sharen tsakar gida a bokiti ɗaya, leda da roba da gwangwani da kunzugun yara na zamani a buhu. Tokar kuma a tabbatar ta huce, garwashi ɗaya yana tayar da wuta a kura. Abin da ke kashe wannan tsari shi ne mai kura ya haɗa su wuri guda a gaban matar da ta sha wahalar rabawa. Ranar ta daina. A raba kurar da katako, ko a ware ranaku.

Yin takin ba wuya, amma yana son kulawa. Fili mai inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya. A jera tsibi mai faɗin mita 2, tsayi mita 1.5, tsawo gwargwadon kaya. A riƙa shimfiɗa busasshe, kamar ganye da kara da ɓuntun shinkafa, kashi biyu zuwa uku, da ɗanye, kamar ragowar kayan miya da kashin dabbobi, kashi ɗaya. Toka kaɗan, domin idan ta yi yawa tana korar sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Laima a gwada da hannu: a damƙa a matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Idan ruwa na tsiyaya ya yi yawa, zai yi wari, a ƙara busasshe a juya. Idan ya wargaje ya bushe, a yayyafa ruwa. Cikin kwana uku zuwa biyar cikinsa zai kai zafin digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. Wanda ba shi da ma'auni ya soka rodi ya bar shi minti goma, in ya zaro bai iya riƙewa ba, aiki na tafiya. A juya duk mako, na waje ya koma ciki. Da hunturu a rufe da tsofaffin buhuna saboda iska na shanye laimar. Mako 8 zuwa 12 ya nuna, ya yi baƙi, ya huce, ya koma kusan rabin yadda aka tara shi. A rairaye a zuba a buhu.

Abin lura: taki da bazara ake sayensa, daga Maris zuwa Mayu, shara kuwa kullum ake yin ta. In babu wurin ajiya na watanni, tsibin zai zama wata sabuwar bola. Masu lambun rani su ne kasuwar sauran lokacin, a nemo su tun da wuri.

'Yan bola jari kuma kada a kore su, a tsara su. A ba mutum biyu ko uku da aka sani izinin tsince kaya a matattara, su kuma su riƙa share wurin. Ƙarfe da alminiyam da roba mai tauri ba sa kwana, suna da masu saye, akwai masu markaɗe roba a Dakata da Sharada. Ledar fiyawata da gorar ruwa ma ana saye a kan kilo, sai dai ba su da nauyi, kuɗin mota na cinye ribar idan ba a busar an danne an tara da yawa ba. Kada kwamiti ya sa ran wannan ciniki zai biya albashi. Amfaninsa rage sawun tifa ne.

Sakataren_Kwamiti

Allah ya ƙara sani, mun ƙaru ƙwarai. Saura maganar kududdufi da ta kuɗi, su ne za su fi jawo gardama a taronmu.

Mai_Awon_Ƙasa

Malam Sakatare, kududdufin nan ku bar shi da ruwansa. Yawancin kududdufan Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke karɓar ruwan sama na unguwannin da ke kewaye da su. Ranar da aka cike ɗaya, ruwan da yake sha bai fasa zuwa ba, gidan da ya fi kwari zai nufa. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, ƙasan kududdufi yana kusa da ruwan da rijiyoyinku ke sha, wani lokaci ma shi ne. Shara idan ta jiƙa tana fitar da baƙin ruwa mai ɗauke da gishiri da ƙwayoyin cuta da gubar batir. A wurin zubar da shara da aka tsara, ana barin aƙalla mita 1.5 zuwa 2 tsakanin ƙasan ramin da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina, a daɓe yumɓu mai kaurin santimita 60 zuwa mita ɗaya, a sa bututu mai huji-huji da tsakuwa su janye ruwan zuwa tafkin da aka tanada. Zuba shara cikin ruwa kai tsaye kishiyar wannan ne gaba ɗaya, kuma rijiyar da ta gurɓace ba a wanke ta.

Na uku, filin da ake kwaɗayi ba filin gini ba ne. Shara tana ci gaba da ruɓewa tana zama shekara da shekaru, harsashi ya nutse ba daidai ba, bango ya tsage. Tana kuma fitar da iskar da kusan rabinta mai kamawa da wuta ce, ita kuma mai kamawar idan ta taru a rufaffen wuri ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗakin, ƙyastu ɗaya ya isa. In har hukuma ta yarda a cike wani rami, ɓaraguzan gini da ƙasa ake zubawa, bayan an fitar wa ruwa wata hanya.

Wurin zubarwa na ƙarshe ba aikin unguwa ba ne. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a cikin birnin Kano kuma hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ce ke riƙe da aikin, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, na kula da tsarin filaye. Ku je da mai unguwa da dagaci ku nemi abu biyu a rubuce: amincewa da filin matattara, da sunan jujin da aka yarda motarku ta kai. Direban da aka ɗauka haya kada a biya shi sai ya kawo shaidar ya juye a can, domin wanda ake biya a kan sawu yana iya saukewa a gonar wani ko bakin rafi ya dawo da wuri.

Ga masu hukuma da ke karanta wannan, ko jujin da ba shi da shimfiɗar yumɓu ana iya rage cutarsa da aiki biyar ko shida. Wurin juyewa na rana ya zama ɗan ƙarami, ba kowace mota inda ta ga dama ba. Katafila ta baje sharar kaurin rabin mita ta bi ta kai sau uku zuwa biyar. Da yamma a rufe da ƙasa santimita 15, shi ke hana ƙuda da wari da wuta da tashin leda. A haƙa lambatu a kewaye domin ruwan sama na waje kada ya shiga. Hanyar ciki a zuba mata burji tun rani, domin tifa ɗaya da ta kafe a watan Agusta tana tsayar da layin gari guda, daga nan direbobi su fara juyewa a bakin ƙofa. Gefen tsibi kada ya fi hawa ɗaya a tsawo uku. Tsibin da aka bari ya yi tsaye ya sha ruwa yana zaftarewa: a Koshe ta Addis Ababa a Maris 2017 mutum sama da 100 suka rasu, a Kiteezi ta Kampala a Agusta 2024 sama da 30, galibinsu masu zama a gindin jujin.

Injiniyan_Sufuri

Hajiya Uwar Lambu ta yi gaskiya, duk abin da rariya ta cire an rage shi daga sawun tifa. Idan ya kai kashi ɗaya cikin uku, kubik mita 16 ba za ta sauka da yawa haka ba domin ƙasa nauyi gare ta ba cika ba, amma motar za ta huta, kuma mai yiwuwa sawu uku a kwana biyu ya ishe ku. Wannan bai kai a mallaki mota ba. Ku ɗauki haya a kan sawu.

Kuɗin wata ku tara shi haka: albashin masu kura da mai gadin matattara da mai karɓar kuɗi, hayar tifa sau yawan sawu, kuɗin juji idan ana biya, kayan kariya da tsintsiya da shebur, gyaran taya da walda. Kura takan yi shekara biyu zuwa uku, a raba kuɗinta a kan watannin a riƙa ajiyewa. A ɗora kashi 10 cikin ɗari saboda tashin man gas. Jimlar kada a raba ta a kan gida 1,200. A raba a kan 800 ko 850, domin akwai kangaye da marasa hali da masu taurin bashi. Gidan haya mai ɗaki goma da shago da gidan biredi da makaranta kowanne da nasa kuɗin, ba daidai da gidan mutum ɗaya ba.

Mai kura kada ya karɓi kuɗi a hannu, in ba haka ba zai riƙa bin gidajen da ke ba shi na goro ya tsallake saura. Mai karɓa daban, da rasit mai lamba, kuɗi ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta shiga da fita a bainar jama'a duk wata. Mako-mako ya fi sauƙin biya ga mai neman na yau da kullum. Gidan da bai biya ba a ci gaba da ɗaukar shararsa a kai maganar gaban mai unguwa, domin idan aka daina, cikin dare za ta koma kwatar kowa.

Ku fara da layuka uku ko huɗu mafi kusa da matattara, gida kamar 300, kura biyu, na wata biyu. Ku rubuta yawan sawun kura a kullum, da awannin da tifa ke yi daga fita zuwa dawowa, da gidajen da suka biya. Da waɗannan alƙaluman za ku gyara kuɗin kafin ku shigar da sauran layukan, kuma ku bar wa matattarar sarari a gefe, tunda kun ce har yanzu ana gini.